Gangasagar: Ƙauyen da miliyoyin mabiya Hindu ke ziyarta, teku kuma na cin gaɓarsa

A kowace shekara, idan watan Janairu ya kai tsakiya, wani ƙauyen manoma da masunta da ke kudancin jahar Bangal ta Yamma, a ƙasar Indiya, yakan wayi gari cike da baƙi. Sunansa Gangasagar. Mazaunansa ba su wuce dubu 10 da ƴan kai ba a ƙidayar 2011, amma cikin mako guda miliyoyin mabiya addinin Hindu ke kwararowa don yin wanka a inda kogin Ganga ke shiga teku. Bayan taron Kumbh Mela, wannan ne ake ɗauka taron ibada mafi girma na mabiya Hindu.

Sai dai tekun da ke jawo wa ƙauyen wannan daraja shi ne ke cin ƙasarsa taki bayan taki. Ruwa ya riga ya haɗiye wuraren bautar da aka gina a can baya, kuma yana matsowa kusa da wanda ke tsaye a yau.

Inda kogi ya gama tafiyarsa

Gangasagar na can ƙarshen kudu na tsibirin Sagar, kimanin kilomita 100 daga birnin Kolkata. Kogin Ganga yana tasowa daga ƙanƙarar tsaunukan Himalaya, ya yi tafiyar kusan kilomita 2,500, sannan ya rarrabu kafin ya kai teku. Ɗaya daga cikin rassansa, wanda ake kira Hugli, shi ne ke ratsa Kolkata ya zo ya zube a tekun Bangal daidai gefen wannan tsibiri. Sunan ƙauyen ma daga nan ya fito: Ganga, kogin ke nan, sagar kuma teku.

Tsibirin wani ɓangare ne na yankin Sundarban, mai dazuzzukan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri. A zamanin mulkin mallakar Ingila aka sare dajin Sagar aka mai da shi gonaki, mutane suka yi ta zuwa daga gundumar Medinipur suna kafa gidaje. A ƙidayar 2011 yankin na da mutum fiye da dubu 200. Suna noman shinkafa, suna kamun kifi suna busarwa, suna kuma noman ganyen pan, wanda Indiyawa ke taunawa kamar yadda ake cin goro.

Labarin da ke kawo mutane

Abin da ya sa wurin ke da tsarki a wajen mabiya Hindu yana cikin tsoffin labaransu na addini. A cewar labarin, wani sarki mai suna Sagar ya saki doki don wata babbar hadaya, sai aka sace dokin aka ɗaure shi kusa da inda wani mai zuhudu, Kapil Muni, ya keɓe kansa yana ibada. Ƴaƴan sarkin su 60,000 suka bi sawu, suka tarar da dokin, suka zargi Kapil Muni da sata. Da ya buɗe ido cikin fushi, sai duk suka ƙone suka zama toka.

Labarin ya ci gaba da cewa rayukansu ba su sami hutu ba, sai da wani jikan gidan mai suna Bhagirath ya yi doguwar ibada har kogin Ganga ya sauko daga sama, ya bi shi har inda tokar take, ya wanke ta. Saboda haka mabiya addinin suka yi imani cewa wanka a wannan mahaɗa yana kankare zunubi, yana kuma amfanar iyaye da kakannin da suka rasu. A wurin bautar Kapil Muni da ke ƙauyen akwai gumakan mutanen wannan labari, an shafe su da jan launi mai haske, Kapil Muni a tsakiya.

Ranar wankan ita ce Makar Sankranti. Da lissafin rana ake ƙidaya ta, shi ya sa kusan kullum take faɗowa 14 ko 15 ga Janairu, lokacin da sanyi ya kankama. Tun da asuba mutane ke shiga ruwan, maza da mata, tsoho da yaro, suna miƙa kwakwa da furanni. Wasu kan riƙe wutsiyar ɗan maraƙi yayin da malamin addini ke karanta musu addu'a, alamar tsallake kogin da suka yi imani rai zai tarar bayan mutuwa. A gefen hanya kuma ƴan zuhudun nan da ake kira Naga, waɗanda ke shafe jikinsu da toka, suna zaune gaban wuta suna sa wa masu wucewa albarka.

Hanya mai wuya

Har yau zuwa Gangasagar ba wasa ba ne. Yawancin masu ziyarar talakawa ne daga jahohin Utar Pradesh, Bihar, Rajastan da sauransu, har da ƙasar Nepal, kuma da yawansu tsofaffi ne. Sukan fara yada zango a bakin kogi a Kolkata, su shiga mota ko jirgin ƙasa zuwa Kakdwip, su hau jirgin fito su tsallake kogin Muriganga zuwa Kachuberia, sannan su ƙara tafiyar kusan kilomita 30 a mota kafin su ga teku.

Tsallakar kogin ce babbar matsala. Laka da yashi na cike Muriganga, don haka idan ruwan teku ya janye jirage ba sa iya tafiya, sai dubban mutane su taru a mashiga suna jira na sa'o'i. Kowace shekara sai hukumomi sun yashe kogin kafin taron. A Janairun 2010, mutum 7 suka mutu a turmutsutsun shiga jirgi a ɓangaren Kakdwip.

A da lamarin ya fi haka muni. Cikin kwale-kwale ake zuwa, ga guguwa, ga kwalara, ga damisoshin daji. Daga nan ne karin maganar mutanen yankin ya samo asali, mai nuna cewa sauran wuraren ziyara ana zuwa a koma, amma Gangasagar sau ɗaya ne a rayuwa. Shahararren littafin Kapalkundala na marubuci Bankim Chandra Chatterjee, da ya fito a 1866, ya soma ne da jirgin masu dawowa daga wannan ziyara da ya ɓace cikin hazo. Akwai kuma baƙin tarihi: wasu iyaye kan jefa ɗansu cikin ruwan don cika alwashi, al'adar da gwamnatin mulkin mallaka ta haramta a 1802.

Mako ɗaya na ciniki

Ga mutanen tsibirin, taron kaka ce ta biyu bayan ta shinkafa. Ana gina rumfunan kwana da gora da ciyawa, masu shayi da masu abinci su kafa tebur, masu babur mai ƙafa uku su yi ta jigila dare da rana, mata su sayar da furanni, kwakwa da kayan tsaraba. Gwamnatin jaha kan girke dubban ƴan sanda, ta kafa asibitocin wucin gadi, famfunan ruwa da makewayi. Ko a lokacin annobar korona ba a soke taron ba. Babbar kotun Kolkata ta gindaya sharuɗɗa, hukumomi kuma suka riƙa aika ruwan mahaɗar ta gidan waya ga waɗanda suka yi oda ta intanet.

Amma ba duk kuɗin ke zama a tsibirin ba. Masu kula da wurin bautar Kapil Muni ƴan wata cibiyar addini ce, Hanuman Garhi, da ke garin Ayodhya a jahar Utar Pradesh mai nisa. Ga kuma taƙaddamar siyasa: Mamata Banerjee, wadda ta hau shugabancin gwamnatin Bangal ta Yamma a 2011, ta sha kira ga gwamnatin tarayya da ta ba taron matsayin na ƙasa, tana cewa ana zuba wa Kumbh Mela kuɗi ana barin Gangasagar. Gwamnatinta ta kuma sanar da shirin gina gada a kan Muriganga.

Teku na matsowa

Wurin bautar da ake gani yau an gina shi ne a farkon shekarun 1970, bayan ruwa ya cinye waɗanda suka gabace shi. Lokacin an ja shi can nesa da gaɓa. Yanzu tazarar da ke tsakaninsa da ruwa ba ta kai kilomita ɗaya ba, kuma wani sashe na bakin ruwan da ake wanka ya zaizaye ya koma laka, har hukumomi kan karkata jama'a zuwa wasu mashigai. An jera tubalan kankare da buhunan yashi, amma igiyar ruwa na ci gaba da aikinta.

Dalilan sun haɗu da yawa. Ruwan teku na ƙaruwa saboda ɗumamar yanayi. Ƙasar yankin, wadda laka ce da kogi ya tara, tana nitsewa a hankali. Madatsun da aka gina a saman kogin, ciki har da na Farakka da ya fara aiki a 1975, sun sauya yadda ruwa da laka ke isowa. An kuma sare dajin da a da ke karya ƙarfin igiyar ruwa.

Sai kuma guguwa. Aila ta afka wa yankin a watan Mayun 2009, Bulbul a Nuwamban 2019, Amphan a Mayun 2020, Yaas a Mayun 2021. Yaas ta zo daidai da lokacin da teku ya cika ya batse, ruwa ya fasa ganuwar ƙasa da ke kare ƙauyuka, ya shiga har harabar wurin bautar. Idan ruwan gishiri ya kwanta a gona, sai a yi shekaru shinkafa ba ta yi kyau ba, kifin tafki ya mutu, rumfunan ganyen pan su rushe. Manomi ya tashi da bashi, babu amfanin gona.

Mutanen Sagar ba sa buƙatar a ba su labarin ƙarshen irin wannan hanya, domin maƙwabtansu sun riga sun bi ta. Tsibirin Lohachara da ke kusa ya nitse a shekarun 1980. Tsibirin Ghoramara ya rasa kusan rabin ƙasarsa cikin ƴan shekaru gommai. Iyalai da yawa daga waɗannan wurare a Sagar aka sake tsugunar da su, wasu ma a yankin Gangasagar kansa. Yau ga shi mafakar tasu ita ma tana zaizayewa.

Waɗanda suka tafi da waɗanda suka zauna

Sakamakon da ya fi fitowa fili shi ne ci-rani. Samari da magidanta na barin tsibirin zuwa Kolkata, ko jahohin kudu irin su Kerala da Tamil Nadu, suna aikin gini ko aiki a jiragen kamun kifi, suna turo kuɗi gida ta wayar salula. Mata da tsofaffi ne ke zama da gona da yara, su ne kuma ke kwashe kaya zuwa gine-ginen fakewa duk lokacin da aka yi shelar guguwa.

Gada, idan an gama ta, za ta sauƙaƙa wa mai ziyara hanya, ta kuma kai mara lafiya asibitin birni ba tare da jiran ruwa ya ciko ba. Amma gada ba ta tare teku. Abin da manomin Sagar ya fi buƙata shi ne ganuwa mai ƙarfi, dashen itatuwan bakin ruwa, da irin shinkafar da ke jure gishiri. Masu ziyara kan yi wankansu su koma gida a tsakiyar Janairu, a kwance rumfuna, a kwashe fitilu. Wata huɗu bayan haka lokacin guguwa ke kamawa, a lokacin kuwa mazauna ƙauyen ne kaɗai ke bakin ruwan.