Ranar Da Muka Ga "Farfesa" Ido Da Ido

A zaurenmu na WhatsApp, inda muke bitar darussan JAMB, akwai wani yaro da duk muke jin haushinsa. Ba ya gaisuwa, ba ya raha. Sai bayan isha'i zai leƙo, ya gyara mana lissafi a layi ɗaya, ya ɓace. Muka laƙaba masa "Farfesa". Ni da kaina na nemi shugabar zauren ta cire shi, don a ganina girman kai ke damunsa. Allah ya sa ba ta biye mini ba.

Da sakamako ya fito, muka shirya haɗuwa a Laburaren Murtala Muhammad da ke Kano. Can sai ga wani siririn saurayi, faratansa duk baƙin mai, yana sunkuyar da kai. Ashe Farfesa ne! Yaron gareji ne, ko waya ba shi da ita. Ta maigidansa yake ara na minti goma in an tashi aiki, a ciki yake warware mana tambayoyi. Ina ya ga lokacin gaisuwa? Kunya ta rufe ni, na nemi afuwarsa a gaban kowa.

Rubutu a waya ba shi da murya, ba shi da fuska, shi ya sa gajeriyar amsa kan yi kama da wulaƙanci. Kafin ka yanke wa mutum hukunci, ka tambaye shi.

Sai dai ƙannena, a kula, akwai miyagu a intanet. In za ku haɗu, ku sanar da iyayenku, ku tafi tare da abokai, da rana, a bainar jama'a.