Rarar Ƙarfi a Ginin Madatsun Ruwa: Darasi daga Tiga da Bagauda

Gabatarwa

Kogin Kano ya faro ne daga duwatsun kudancin jihar, wajen Riruwai a ƙasar Doguwa, ya ratsa dajin Falgore, ya bi ta ƙasar Tudun Wada, sannan aka tare shi a Tiga cikin ƙasar Bebeji. An gina wannan madatsa tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Bisanta ya kai mita 48, tsawonta kuwa wajen kilomita 6, kuma an tsara ta don ta riƙe ruwa kusan kubik mita miliyan 2,000. Duk wannan ruwa, tulin ƙasa ne da aka daddaɓe ya tare shi. Manoman rani na Kadawa da Kura da Bunkure, da garuruwan da ke gangaren kogi, suna kwana suna tashi bisa amanar wani lissafi da akasarinsu ba su taɓa jin labarinsa ba. Wannan lissafi shi za a kira rarar ƙarfi a cikin wannan maƙala.

Ma'anar Rarar Ƙarfi

Mai jaki ya san abin tun kafin injiniya ya rubuta shi. In jaki zai iya ɗaukar buhu uku kafin ya durƙushe, mai hankali biyu yake ɗora masa, don ya san akwai hawa da yashi a hanya, kuma dabba tana gajiya. In aka raba abin da jakin zai iya ɗauka da abin da aka ɗora masa, watau uku a raba da biyu, sai a sami 1.5. Rarar ƙarfinsa ke nan.

Haka lissafin yake a kowane gangare, na tsauni ne ko na madatsa ko na ramin haƙar ƙasa. Ƙarfi iri biyu ne ke ja-in-ja. Na farko nauyin ƙasa da na ruwan da ke cikinta, wanda ke neman zame ta ƙasa. Na biyu ƙarfin riƙo, watau danƙon yumɓu da gogayyar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Ana raba na biyu da na farko. In amsar ta zo 1.0, gangaren yana bakin faɗuwa. In ta gaza haka, zai zabtare. A madatsun ƙasa, injiniyoyi sukan nemi 1.5 ga bayan madatsa sa'ad da tafki ya cika ya daɗe a cike, su nemi wajen 1.3 a lokacin da aka gama gini.

Dalilin Barin Rara

Mai riƙe da baitulmali zai iya tambaya, me ya sa ba za a tsaya a 1.1 ba, a rage kuɗin aiki? Amsar tana ga halin ƙasa. Ƙarfe daga masana'anta yake fitowa, an san ƙarfinsa kafin a saya. Ƙasa kuwa, abin da ke nan dabam yake da abin da ke taku ɗari gaba. Injiniya yakan haƙa 'yan ramuka, ya ɗebi samfur, ya gwada, sannan ya yi hukunci a kan kilomitoci. Rarar da yake bari ita ce ke rufe abin da bai gani ba: jijiyar yashi a ƙarƙashin harsashi, ko wurin da ba a daɓe da kyau ba, ko daminar da ta fi wadda aka yi tsammani.

Shi ya sa madatsar ƙasa take da faɗin gindi, kamar yadda maginin gargajiya yake kaurara gindin katanga ya sirance samanta. Alal misali, madatsa mai bisan mita 40, in an ba gabanta faɗin mita 3 ga kowace mita ta bisa, aka ba bayanta 2.5, aka bar hanya mai mita 10 a ƙolinta, gindinta zai kai mita 230. Wanda ya tsuke wannan faɗi ya rage kuɗi, amma daga cikin rara ya yanka.

Aikin Ruwa a Cikin Ƙasa

A 1925 ne Karl Terzaghi ya bayyana ƙa'idar da ilmin nan ya ginu a kai: ruwan da ya shiga tsakanin ƙwayoyin ƙasa yana ɗage su, ya rage musu matsi a kan juna, sai gogayya ta ragu. Don haka katangar da ta tsaya ƙyam duk rani takan rushe a watan Agusta, haka nan bakin kududdufi a Kiru ko ramin kuza a Riruwai. Fellenius na Suwidin ya fito da hanyar yanka gangare gunduwa-gunduwa a kan takarda don a auna kowane yanki, Bishop na Ingila kuma ya kyautata ta a 1955. Har yanzu ana aiki da ita, sai dai kwamfuta ce ke yin lissafin.

Amma akwai haɗari biyu da adadin 1.5 ba ya faɗa. Ɗaya shi ne ruwa ya tumbatsa ya bi ta ƙolin madatsa, ya zaizaye ta. Maganinsa mafitar ruwa mai faɗi. Ɗayan shi ne yoyo ya riƙa kwashe ƙasa daga ciki har ya buɗe rami, kamar yadda ya faru da madatsar Teton a Amurka a 1976, tun a cikar farko. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ramin gara, ko saiwar itace da ta ruɓe, ya isa ya zama mafarin wannan ɓarna.

Bagauda da Tiga

A watan Agustan 1988, bayan ruwan sama mai tsanani, madatsar Bagauda a ƙasar Bebeji ta ɓalle. An yi asarar rayuka da gidaje da gonaki da dabbobi. A 1992 aka rage bisan mafitar ruwan Tiga da mita 3.5 domin kare lafiyar ginin, abin da ya rage ruwan da tafkin ke iya ajiyewa ƙwarai. Hikimar a fili take. Turin ruwa a jikin bango yana ƙaruwa ne ninki a kan ninki: in zurfi ya ninka sau biyu, turin ya ninka sau huɗu. Saukar da ruwa ya rage kayan da ke kan madatsa, ya kuma ƙara tazara tsakanin fuskar ruwa da ƙoli. Watau an sauke wa jaki buhu. Manomin rani ya rasa wani rabo na ruwa, aka sayi kwanciyar hankalin mutanen gangare da shi. Ɓallewar madatsar Alau a Satumban 2024, wadda ta malale Maiduguri, ta nuna cewa wannan batu bai tsufa ba.

Kammalawa

Rarar ƙarfi takan ragu da shekaru. Laka tana cika tafki, magudanan yoyo suna toshewa, mamako yana yanka kwazazzabo a bayan madatsa, masu ɗibar ƙasa suna ƙwaƙule gindin gangare. Injiniya ya bar rarar a ranar da ya miƙa aiki. Tsare ta kuwa yana hannun ma'aikacin da ke sa hannu a kasafin gyara, da wanda ke karanta rahoton mai gadi, da dagacin da aka kai wa labari. Alamun da ya kamata kowa ya sani kaɗan ne: tsaga a tsawon ƙoli, kumburi a gindin gangare, ciyawa shar a wuri guda tsakiyar rani, da yoyon da ya ƙaru ko ya gurɓace da laka. Yoyo garau abin sa ido ne. Wanda ya gurɓace kuwa yana ɗauke da naman madatsar ne, kuma labarinsa ya kamata ya isa ga hukumar da ke kula da ita a ranar da aka gan shi.