Ƙagaggen Labari Mai Jingina da Tarihi

Tatsuniya daban, tarihi daban. Kowa ya san Gizo da Ƙoƙi ba su taɓa zama a wani gari ba. Tarihi kuwa abin da ya auku ne da gaske, da shekararsa da wurinsa. Amma akwai wani irin labari da ke tsakanin biyun. Marubuci yakan ɗauki zamani na gaskiya da garuruwa na gaskiya, sa'an nan ya ƙago mutane ya zuba a ciki. Yakan sa saurayi da budurwa masu son juna, ya ɓoye wani asiri, ya jefa su cikin tafiya mai haɗari. Wannan shi ne ƙagaggen labari mai jingina da tarihi.

Marubutan Ingila suna son zamanin Sarauniya Biktoriya ƙwarai. Ta hau gadon sarauta a 1837, ta rasu a 1901. A farkon zamaninta babu tarho, babu mota, babu lantarki cikin gidaje. Saƙo yawanci sai ta wasiƙa, wasiƙa kuwa tana iya ɓata ko ta faɗa hannun maƙiyi. Hazo da hayaƙi sukan rufe birnin Landan har mutum ya kasa gane wanda ke bayansa. Wajen aure kuma ana duban dukiya da asali kafin a dubi so. Duk abin da ya wahalshe da mutanen wannan zamani, shi ne abin da marubuci ke bukata don ya ɗaure wa mai karatu kai.

Wani mai suna Wilkie Collins ya fitar da littafi a 1868, sunansa The Moonstone. Labarin wani lu'ulu'u ne da wani soja ya ƙwato daga Indiya lokacin yaƙin 1799. Aka ba wata yarinya shi ranar da ta cika shekara 18. A daren nan ya ɓace. Aka yi ta bincike, yarinya ta ƙi cewa uffan. Ashe da idonta ta ga wanda ya ɗauka, shi ne kuwa saurayin da take so. Yaƙin 1799 gaskiya ne. Yarinya da saurayinta, Collins ne ya ƙago su.

To, waɗannan shekaru ba na Ingila kaɗai ba ne. Lokacin da Biktoriya ke sarauta, nan ƙasar Maraɗi ma tarihi yana tafiya. Mutanen jihadi sun ci birnin Katsina a 1807. Sarakunan Katsina na dā suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa mulki a Maraɗi wajen 1819. Daga nan gaba ta daɗe tsakanin Maraɗi da Katsina. Ɗan Baskore, wanda ya yi sarauta kamar shekara 20 daga wajen 1852, ya kai hare-hare da yawa kudu. Madarunfa kuwa tana kudu da Maraɗi, kilomita 20 da ɗoriya, wato a tsakanin abokan gaba biyu. Ga tabki, ga gulbi, ga daji. Ga kuma kushewun waliyyai 99 da ke kewaye da tabkin, waɗanda mutane ke ziyarta har yau. Mai neman wurin da zai kafa labari ba ya bukatar hazon Landan.

Turawan wannan zamani ma sun biyo ta nan. A 1851 Bajamushe Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya bi ta Tasawa da Gazawa zuwa Katsina. Abokin tafiyarsa Overweg ya zo Maraɗi da Gobir. Overweg ne daga baya ya ƴantar da wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, ɗan Dambanas kusa da Kance, wanda aka kama bawa tun yana ƙarami. Dorugu ya bi Barth har Tambutu, ya ƙetare Sahara, ya isa Landan a 1855. A Ingila ya ba wani Bature mai suna Schön labarin rayuwarsa da Hausa, aka rubuta. Ya rasu a Kano a 1912. Wanda ya ji wannan zai ce ƙage ne, amma ba ƙage ba ne.

Da Hausa ma an rubuta ƙagaggun labarai irin waɗannan. A 1933 aka shirya gasar rubutu a Zariya, littattafan da suka yi fice suka fara fitowa a 1934. Cikinsu akwai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama firayim ministan Najeriya. Labarin ya koma ƙarshen zamanin cinikin bayi. An sace Umar yana yaro, aka kai shi Kano, wani Balarabe ya tafi da shi ƙetaren Sahara. Uwarsa ta fita nemansa, ita ma aka kama ta baiwa. Sun sadu bayan shekaru masu yawa, ba ta daɗe ba ta rasu. Son da ke cikin littafin nan son uwa da ɗa ne, kuma ya fi na samari da yawa taɓa zuciya. Ba a san wani Umar na gaske da ya yi wannan tafiya ba, amma hanyar ayari gaskiya ce, Dorugu ya taka irinta. Shi kuwa Ganɗoki na Bello Kagara ya fara da yaƙin Kwantagora da Turawa, wanda ya auku, sa'an nan ya shiga cikin aljannu. Ɗalibin da bai lura da inda tarihi ya tsaya ba, sai ya kwashe duka ya kai wa malamin tarihi.

Saboda haka mai karatu yakan riƙa tambayar kansa: wane ne ya rayu, wane ne aka ƙago? Marubuci ma yana da iyaka. A ce wani yana so ya kafa labarinsa a Madarunfa a 1860. Yana da damar ƙago ɗiyar masunci da ɗan fatake. Yana da damar sa wata laya ta ɓace, ko a kama saurayi cikin hari ana saura kwana uku ɗaurin aure, yarinya ta bi ayari nemansa. Wannan duk nasa ne. Amma ba shi da damar canza sunan sarkin da ke mulki a shekarar, ko ya ɗora wa waliyyan tabki maganar da ba ta da tushe.

Ƙananan abubuwa su suka fi tona asirin marubuci mai gaggawa. In ɗiyar masunci ta sayar da kifi, da wuri za a biya ta, ba da kuɗin sefa ba. In saurayi ya yi tafiya, a ƙasa zai tafi, ko bisa doki ko jaki. Ba zai gamu da kwamandan Faransa ba, don a lokacin sojojin Faransa ba su ratsa wannan yanki ba tukuna. In kuma ya shiga Maraɗi, kada a hau da shi tudu inda birnin yake yanzu. Tsohon gari yana ƙasa, cikin fadamar gulbi. Sai bayan ambaliyar 1945 aka tashe shi aka maida bisa tudu.