Yadda ake koya wa ƙaramin harshen manhaja hira kai tsaye da burauza

A ɗauki misalin kamfanin motocin da ke jigila tsakanin Yamai da Maraɗi, yana da wurin yankan tikiti a tasha, wani kuma a unguwa. Idan an sayar da kujera a nan, dole ɗayan ma'aikacin ya gani nan take, in ba haka ba fasinja biyu su tashi da kujera ɗaya. Irin wannan matsala ce fasahar WebSocket ke magancewa.

A tsarin HTTP da shafukan intanet suka saba da shi, burauza ce ke tambaya, uwar garke ta amsa, shi ke nan. Uwar garke ba ta iya fara magana. Shafin da ke jiran sabon labari sai ya yi ta maimaita tambaya, kowace tambaya kuma tana cin data. Ga mai sayen megabayit da ƙyar a wayarsa, asara ce.

A watan Disamba na 2011 ƙungiyar IETF ta fitar da ƙa'idar WebSocket a takarda mai lamba RFC 6455. Layi ɗaya ake buɗewa a bar shi, kowane ɓangare ya aika saƙo lokacin da ya ga dama.

Manyan harsuna irin su Python da Java suna da kayan aikin a shirye. Ƙananan kuwa sai an gina musu. Lua, wanda aka ƙirƙira a 1993 a jami'ar PUC ta Rio de Janeiro a Brazil, ko hanyar sadarwa ba ya zuwa da ita, sai an haɗa masa LuaSocket. Aikin mataki uku ne.

Na farko gaisuwa. Burauza na aiko buƙatar HTTP da wani mabuɗi. Uwar garke ta manna masa jerin haruffan da ƙa'idar ta tanada, ta sarrafa su da SHA-1 da Base64, ta mayar da sakamakon tare da lamba 101. Daga nan layi ya buɗe.

Na biyu ƙunshe saƙo. Kowane ƙunshi yana da kai mai bayit 2 zuwa 14 da ke faɗin irin saƙon da tsawonsa. Duk abin da burauza ta aiko a lulluɓe yake da mabuɗi mai bayit 4, sai an kware shi. Wannan lulluɓi ba sirri ba ne. Mai son sirri sai ya bi ta wss.

Na uku, wanda ya fi wuya, riƙe layuka da yawa lokaci guda ba tare da ɗaya ya tsayar da sauran ba. Lua na da dabarar dakatar da aiki a koma wani, kuma a kanta aka gina lua-resty-websocket na OpenResty.

Ga matasan da ke rubuta manhaja a Jami'ar Abdou Moumouni ko cibiyar CIPMEN, akwai abin kiyayewa: rezo na yankewa, wuta na ɗaukewa, kuma WebSocket ba ya sake haɗa kansa. Saƙonnin ping da pong na nuna ko layi na raye, amma sake haɗawa da neman abin da ya wuce aikin mai rubutu ne. In ya manta, ma'aikacin tasha zai ci gaba da kallon kujerar da aka riga aka sayar.