Labarin Ma'aurata Masu Zaman Wasa da Yadda Suke Rage Ƙiba Tare

Bayan haka, mai karatu ya sani cewa a ƙasashen Turawa, tun ba Amurka da Ingila ba, akwai wani irin zama da ya yawaita tsakanin ma'aurata masu ƙuruciya, shi ne zaman wasan kwamfuta. Miji da mata sukan wuni a zaune wurin aikin ofis, in sun komo gida da maraice sai su sake zama bisa doguwar kujera mai taushi, su fuskanci allon talabijin, kowa ya riƙe linzamin wasa a hannu, ko na PlayStation ko na Xbox. Ga su nan suna yaƙi da dodanni, suna tseren motoci, alhali kuwa ba abin da ke motsi a jikinsu face 'yan yatsu. In yunwa ta taso ba mai hura wuta, sai a taɓa waya a kawo soyayyar kaza da dankali da lemon gwangwani har bakin ƙofa. Haka za a yi ta yi har dare ya raba.

Wannan zama da daɗi yake, yana kuma ƙara shaƙuwa, zama wasu ma a wurin wasan suka fara sanin juna. Amma in aka shekara biyar a kansa, sai riga ta ƙi shiga, zoben aure ya matse yatsa, hawan bene guda ya zama sai da haki. Abin lura kuwa shi ne sau da yawa su biyun ne ke yin teɓa tare. To, tun da tare aka tara, masu bincike sun gano cewa tare ya fi sauƙin zubarwa.

Fasali na farko: ma'aunin ƙiba da illar zama

Likitoci suna da hisabin da suke gane ƙiba da shi. Akan auna tsawon mutum da mita, a ninka adadin da kansa, sa'an nan a raba nauyinsa na kilo da abin da ya fito. Misali, mai tsawon mita 1.7, in an ninka ya zama 2.89, in nauyinsa kilo 90 ne, aka raba, sai a sami 31. Wanda ya kai 25 nauyinsa ya wuce kima, wanda kuwa ya kai 30 ya shiga sahun masu ƙiba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙididdige cewa a shekarar 1990 zuwa 2022 ƙibar manya ta ninka fiye da sau biyu, har ya zama a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas na duniya mai ƙiba ne. Abin tsoro a cikinta shi ne baƙin da take gayyatowa: ciwon sukari, da hawan jini, da ciwon zuciya, da ciwon gwiwa.

Illar yawan zama kuwa an daɗe da tabbatar da ita. A shekarar 1953 wani likitan Ingila, Jeremy Morris, ya bayyana abin da ya gani ga ma'aikatan motocin bas masu bene na birnin Landan. Direba yakan wuni a zaune, kwandasta kuwa yana hawa yana sauka yana karɓar kuɗi. Motarsu ɗaya, hanyarsu ɗaya, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobi, ya kuma fi saurin kashe su. Shi likitan nan ya yi aiki da iliminsa, bai bar motsa jiki ba har tsufa, ya rasu a 2009 yana da shekara 99. Tun kafin shi ma da ƙarnuka, Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, da ya zo babin kiyaye lafiya a littafinsa na ɗibbu, motsa jiki ya gabatar, sa'an nan abinci, sa'an nan barci.

Fasali na biyu: rabon wasa a cikin laifi

Adalci shi ne kada a ɗora wa wasa laifin da ba nasa ba. Wasu masana na ƙasar Jamus sun tattara bincike iri iri a shekarar 2019, suka sami alaƙar wasan da ƙiba ƙarama ce, ga manya kuma ta fi bayyana. Watau wasan ƙofa ne, ɓarayin da ke shigowa ta cikinta su ne masu ɓarna.

Ɓarawo na farko shi ne cin da ba a san an yi ba, domin wanda hankalinsa ke kan allo hannunsa na zuwa baki ba ya ƙirga loma. Na biyu shi ne zaƙin sha. Gwangwanin Coca-Cola guda mai mililita 330 yana ɗauke da sukari giram 35, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce kamar giram 50 a wuni, in ya tsaya a 25 ya fi. Wanda ya sha uku a zama ɗaya ya ninka haddin sau biyu bai tauna komai ba. Na uku shi ne ƙarancin barci, zama an tabbatar mai kwana kaɗan yunwarsa takan ƙaru, ransa kuma ya riƙa biya masa zaƙi da maiƙo. Na huɗu shi ne satar lokaci, don sa'ar da aka ba kujera ƙafa aka hana wa.

Akwai kuma waɗanda wasan ya zame musu cuta. A shekarar 2019 Hukumar ta shigar da jarabar wasa cikin kundin cututtuka, aka fara aiki da shi a Janairun 2022. Alamominta uku: mutum ya kasa tsai da kansa, ya fifita wasa bisa sauran al'amuransa, ya kuma ci gaba ko da ya ga yana cutuwa, har a yi kamar wata 12 a haka. Amma waɗannan kaɗan ne cikin masu wasa. Mafi yawa ba sa bukatar jefar da akwatin, iyaka kawai suke bukata.

Fasali na uku: yadda ɗaya ke jan ɗaya

Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, ga shi kuwa an tabbatar da maganar da alƙalumma. Akwai wani gari a Amurka, Framingham, inda likitoci suka daɗe suna bibiyar lafiyar mazauna. A shekarar 2007 masana biyu, Nicholas Christakis da James Fowler, suka duba bayanan mutum 12,067 na tsawon shekara 32, suka tarar in ɗaya cikin ma'aurata ya yi ƙiba, haɗarin ɗayan ya yi yana ƙaruwa da kashi 37 cikin 100. Masana sun yi saɓani kan sababin. Wasu suka ce koyi ne, wasu suka ce dama kowa da irinsa yake aure, wasu suka ce tukunya ce ɗaya. Ko wanne ne dai, a cikin gida abin yake.

Igiyar da ke ja zuwa rami kuwa ita ke ja zuwa tudu. A shekarar 2015 masanan wata jami'a ta Landan sun duba ma'aurata 3,722 waɗanda suka kai shekara 50 ko suka haura. Cikin mazan da ba sa motsa jiki, in matar ta fara, kashi 67 cikin 100 sukan fara. In ba ta fara ba, kashi 26 kaɗai. Wajen rage nauyi ma haka: matan da mazajensu suka rage, kashi 36 suka rage, waɗanda mazajensu ba su rage ba kuwa kashi 15. Har wa yau a 2018, a jami'ar Connecticut ta Amurka, an ɗauki ma'aurata 130, aka ɗora ɗaya kaɗai bisa hanyar rage nauyi, aka bar ɗayan. Bayan wata shida sai aka tarar kamar sulusin waɗanda aka bari sun zubar da kashi 3 cikin 100 na nauyinsu ko fiye, alhali ba wanda ya ce musu komai. Tukunya ce ta sauya, kowa ya ci daga cikinta.

Fasali na huɗu: hanyar da ta tabbata

Abin da ake nema bai kai yadda mutane ke zato ba. A shekarar 2002 an bayyana sakamakon wani babban gwaji a Amurka kan mutum 3,234 waɗanda ke bakin kamuwa da ciwon sukari. Aka umurci wani kaso su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma motsa jiki minti 150 a mako. Cikin kamar shekara uku, kamuwarsu da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100, alhali waɗanda aka ba ƙwayar magani kashi 31 suka samu. Mai kilo 90, kashi 7 ɗinsa kilo shida ne da 'yan kai. Minti 150 kuwa rabin sa'a ne sau biyar a mako, bai kai zaman wasa na dare guda ba.

Saboda haka ma'auratan da suka yi niyya sukan fara da yanka wa wasa lokaci, su yi alkawari ba za a kunna akwati ba sai an dawo daga tafiyar ƙasa. Tafiyar kuwa mai ɗan sauri ce, wadda numfashi zai ƙaru amma ana iya zance. Sa'an nan su raba abinci da allo, a ci a tebur a wanke hannu kafin a riƙe linzami. Su mai da ruwa madadin lemo. Su koma dafa abinci da kansu, ɗaya na yanka ganye ɗaya na juya tukunya, su yawaita wake da kayan lambu, su rage soye-soye. Kasuwa ma tare suke zuwa, kuma a ƙoshe, zama abin da bai shigo gida ba ba a cinsa da tsakar dare. Su sa wa barci sa'a. Likitocin Ingila sun ce ragin rabin kilo zuwa kilo guda a mako ya wadatar. Sannu ba ta hana zuwa. Mai ciwon sukari ko na zuciya kuwa, ko mace mai ciki, sai su fara da ganin likita.

Mai wasa yana da wata baiwa da za ta taimake shi a nan. Ya saba da maimaita mataki sau ashirin har ya haye, ya saba da ƙirgan maki, ya san in an faɗi sake farawa ake yi. Da yawa sukan mai da wannan hali kan ƙirgan taku. Masu ƙera wasanni ma sun gwada sa mutane motsi. A Yulin 2016 aka fito da Pokémon Go, wasan waya wanda sai an fita an yi tafiya ake cin nasara. Masanan jami'ar Harvard sun tarar a makon farko masu yinsa sun ƙara taku kamar 955 a wuni, amma kafin mako na shida ƙarin ya ɓace. Ɗokin sabon abu ba ya daɗewa. Abin da ke daɗewa shi ne mutumin da ya sa takalmi ya tsaya a bakin ƙofa yana jira.

Fasali na biyar: abubuwan da ke ɓata tafiyar

Na farko shi ne gasa. Galibi namiji ya fi saurin zubar da nauyi a farko, domin tsokarsa ta fi yawa, jikinsa ya fi ƙona abinci. In aka mai da sikeli alƙali tsakanin miji da mata, sai ita ta ga ta yi wahala daidai da shi amma sakamakonta ya gaza, zuciyarta ta karaya. Maganinsa shi ne kowa ya gwada kansa da jiyansa, a kuma ƙirga kwanakin da aka fita tafiya, tun da wannan a hannun kowa yake.

Na biyu shi ne ɗaya ya zama ɗan doka a kan ɗaya, yana leƙa kwano yana ƙirga loma. Gori ba ya narkar da kitse, illa iyaka ya koya wa mutum cin ɓoye. Wanda ya ce "Tashi mu je" ya fi wanda ya ce "Dubi yadda kika koma" samun biyan bukata.

Na uku shi ne faɗuwa tare. Ranar da ɗaya ya gaji ya ce yau dai a huta a kira mai kaza, in ɗayan ya ce to, an koma gidan jiya. Saboda haka masu dabara sukan yi sharaɗi tun farko cewa ba a fashi kwana biyu a jere, kuma wanda ke da ƙarfi ran nan shi ke jan mai rauni, gobe a sauya.

Na huɗu shi ne zaton an gama. Riƙe nauyi bayan an rage ya fi ragewar wuya, domin jikin da ya rame yakan ƙara jin yunwa, ya kuma rage ƙona abinci. Ko allurar rage ƙiba ta semaglutide, wadda Amurka ta yarje wa a 2021, an ga waɗanda suka daina ta sun mai da kamar kashi biyu cikin uku na abin da suka zubar cikin shekara guda. Abin da ya zama al'adar gida shi ke wanzuwa.

Ƙarshen magana, wanda ya fara wannan aiki shi kaɗai a gidan da ake soya a gabansa yana iya cin nasara, amma da wahala ninki biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ma'auratan da suka iya raba dare suna taimakon juna a kan dodon allo, ba za su gaza taimakon juna rabin sa'a a kan hanya ba, in sun dawo kuma akwatinsu na nan inda suka bar shi. Allah Ya ƙara wa masu karatu lafiya, amin. Tammat.