In An Tura Ka Ɗaukar Hoton Ƙirji

'Yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun sukan yi ƙorafi wai an sa su sake hoto a asibiti. Sau da yawa sarƙa ce, ko laya, ko kwabbai a aljihu, don ƙarfe fari fat yake fitowa ya tare huhu. A cire su tun a waje. Za a jingina ƙirjinka da allo, hannuwa a ƙugu, a ce ka ja numfashi ka riƙe. In ba ka jin Turanci ko Yarabanci nemi tafinta tukuna, don motsi kaɗan ke ɓata hoto, sakewa kuwa ƙarin hasken na'ura ne a jikinka.

Mai juna biyu ta faɗa kafin a kunna na'ura, ko da cikin fari ne, ban da kunya. Ɗan rakiya ya fita waje. In dole sai ya riƙe yaro, a ba shi rigar dalma.