Jirgin Kwalin Da Ya Sa Kakana Hawaye

Ina aji shida a firamare a garinmu Fagam, malaminmu ya ce kowa ya kawo aikin hannu. Ƙawayena suka kama saƙar faifai, ni kuwa na ce jirgin yaƙi zan yi da kwali. Aka yi ta yi mini dariya, wai aikin maza ne.

Na yanka kwalin sukari da reza, na manne da ƙaro, na kai wa kakana, tsohon soja da ya yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Ya jujjuya shi ya ce, "Amarya, wannan ai shirwa ce!"

Ya ce in mai jefa bom nake so, in yi Ilyushin 28 ƙirar Rasha, wanda matuƙa 'yan Masar suka tuƙa wa Najeriya. Fukafukansa miƙaƙƙu ne, na jela ne suka karkata baya. Inji biyu gare shi, ɗaya a kowane fiffike. Hancinsa gilashi, mutum uku ke shiga.

Sau uku ina warwarewa, hancin kuwa da farar leda na yi shi. Ran da na gama, ya daɗe yana kallo, sai ga hawaye.

"Yanzu kam shi ne," in ji shi. "Amma ki sani, abin da yake saki ba ya bambance soja da mai goyo."

'Yar uwa, in za ki kwaikwayi abu, tambayi wanda ya gan shi da idonsa. Zai gyara miki fiffike, ya kuma gaya miki abin da kwali ba ya nunawa.